Abin da Mai Karatu Yake Yi Bayan Ya Gama Littafi: Darasi daga Ƙagaggun Labarai na Hausa

1. Gabatarwa

Rahotannin yaƙi da jahilci sukan lissafa abubuwa uku: yawan cibiyoyin da aka buɗe, yawan mutanen da suka ci jarrabawa, da yawan littattafan da aka buga aka rarraba. Ba safai sukan faɗi abin da ya sami littafi bayan ya shiga hannun mai shi ba, watau ko an karance shi har ƙarshe, ko an ajiye shi a shafi na goma, ko an ba maƙwabci aro. Alhali kuwa nan ne amfanin aikin yake bayyana, domin babban mutum da ya koyi karatu, in bai sami abin da zai riƙa karantawa da marmari ba, yakan mance haruffa cikin ƴan shekaru, wahalar malami da ta ɗalibi ta tashi a banza. Wannan maƙala tana duba yadda masu karatu suka nuna ra'ayinsu game da ƙagaggun labarai na Hausa, da abin da masu tsara karatun manya a Nijar za su iya ɗauka daga ciki.

2. Littattafan hukuma

Ƙagaggen labari a boko ya faro ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya cikin 1933. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East. Sa'an nan Magana Jari Ce ta biyo baya cikin littattafai uku tsakanin 1937 da 1939. Hukuma ce ta zaɓi waɗannan littattafai, ita ta buga su, ita kuma ta sa su cikin manhajar makarantu. Saboda haka yawan bugu ba ya isa shaida a kan son da aka yi musu, tun da ɗalibi ba shi da zaɓi. Shaidar tana wani wuri: dattawa da suka bar makaranta da daɗewa suna iya maimaita abin da ya gudana tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe, suna dariya. Littafin da aka tilasta wa yaro, ya girma yana ba da labarinsa don nishaɗi, lalle ya ci nasara.

Muryar mai karatu a rubuce ta fara fitowa ne a jarida. Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa cikin 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta ba wasiƙun masu karatu fili, mutane suka saba da ɗaukar alƙalami su amsa abin da suka karanta.

3. Littattafan kasuwa

Cikin 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga littattafan da suka ci gasarsa, har da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid. Daga tsakiyar shekarun 1980 kuma, da tattalin arzikin Najeriya ya raunana manyan kamfanoni suka rage bugu, sai matasa, yawancinsu a Kano, suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa ƴan kasuwa. Marubucin da ya zuba kuɗinsa dole ya saurari mai saye. Ta haka aka sami hanyoyi huɗu da ra'ayin mai karatu yake komawa ga marubuci.

Ta farko ita ce rarraba labari kashi-kashi. Akan fitar da littafi na ɗaya a tsaya daidai inda hankali ya tashi. In masu karatu sun dami mai shago da tambayar na biyu, marubuci ya sami kuɗin bugawa. In ba su tambaya ba, labarin ya mutu a nan. Ta biyu ita ce wasiƙa: marubuta sukan sa adireshinsu a cikin littafi, waɗansu kuma su buga wasiƙun da suka samu a littafin da ya biyo. Ta uku ita ce aro da haya, inda littafi guda yakan zaga gidaje har bangonsa ya cire, ga kuma masu sauraro da ake karanta wa a tsakar gida ko a rediyo, waɗanda ba su shiga lissafin kowa. Ta huɗu ita ce gardama.

4. Misalai biyu

In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, labarin Sumayya ne, ƴar masu hali, da take son Muhammad, talaka, aka nemi a aurar da ita ga wani mai kuɗi, har ta faɗa rijiya. Matasa suka ga kansu a cikin labarin. Iyaye da malamai da yawa kuwa suka ji tsoron kada ƴaƴansu mata su koyi bijire wa zaɓin iyaye. Ɓangarorin biyu sun karanta shafi ɗaya ne, amma kowa da abin da ya tarar, gwargwadon matsayinsa a gida.

Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu (1990) ya bi rayuwar Abu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho, ta gudu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya. Wannan littafi ya shafi masu tsara karatun manya kai tsaye, domin jigonsa shi ne jigon aikinsu, kuma mata sun saye shi da kuɗinsu ba tare da wata hukuma ta raba musu ba. Dalili shi ne darasin ya zo ne a jikin mutum mai suna, mai dangi, wadda ake ɗokin sanin ƙarshenta.

Masana ma sun rabu. Ibrahim Malumfashi ya kira waɗannan littattafai Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba, kuma Hausarsu da jigoginsu ba su kai na magabata ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su, suna nuna cewa sun jawo dubban mutane, musamman mata, ga karatun Hausa. An yi wannan muhawara a jaridun Nasiha da New Nigerian cikin shekarun 1990. Cikin 2007 kuma gwamnatin jihar Kano ta ƙona littattafan da aka karɓe daga hannun ɗalibai mata. Ƙonawar kanta shaida ce cewa ana karanta su, ana kuma ɗaukar tasirinsu da muhimmanci.

5. Mai karatu na Nijar

Fatake sun shigo da waɗannan littattafai Maraɗi da Damagaram ta hanyoyin Katsina da Kano. Mai karatu na nan yana da tarihi dabam. Bayan taron Bamako na 1966, Nijar ta riƙa ninka wasali don nuna tsawonsa a littattafan karatun manya, Najeriya kuwa ba ta yi haka ba, sai taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun ƙasashen biyu. Ban da wannan, mutumin Tawa da yake cewa sunka tahi zai tarar da suka tafi a shafi, wanda ya saba da lakwal da mushe zai gamu da firamare da hedimasta, ga lissafin kuɗi da naira maimakon jika da dala. Duk da haka ana karantawa. Wannan yana nuna cewa bambancin karin harshe da na baƙin kalmomi ba ya tsai da wanda labari ya kama. Haka nan yawancin littattafan kasuwa ba su kula da ƙa'idar raba kalmomi ba, waɗansu ma ba su da haruffa masu ƙugiya, ba a kuwa fasa sayensu ba. Ba a nufin ƙa'idar rubutu ba ta da amfani, domin sabon ɗalibi yana bukatar a bambance masa baki da baƙi, da kuma dauri da ɗauri. Abin nufi shi ne ƙa'ida ita kaɗai ba ta sa a gama littafi.

6. Shawarwari

Da farko, ya kamata kowane littafi da ake bugawa don sababbin masu karatu ya ɗauki adireshi ko lambar waya, da gayyata a fili ga mai karatu ya faɗi ra'ayinsa. Wasiƙar da ɗalibi ya rubuta da kansa ta fi jarrabawa nuna iyawarsa, tana kuma ba mai nazarin harshe samfurin kurakuran rubutu na gaskiya.

Na biyu, malaman cibiyoyi su riƙa tambayar wanda ya dawo da littafi, tun labarin bai huce masa ba: Ka gama shi? In ba ka gama ba, a wane shafi ka tsaya? Wace kalma ta tsai da kai? Wa ka karanta wa, wa ka ba aro? Amsar wanda bai gama ba ta fi ta wanda ya yaba amfani, domin mutane sukan yabi abin da aka ba su kyauta don kunya.

Na uku, a riƙa duba jikin littattafan da ke ɗakunan karatu na ƙauye. Wanda ya tsufa ya yi datti shi ne aka karanta. Wanda yake fes bayan shekara guda yana bukatar bincike.

Na huɗu, a gwada fitar da labari kashi biyu a cibiyoyi kaɗan, a ƙidaya mutum nawa suka zo neman na biyu kafin a ba da odar bugu mai yawa. Kuɗin gwajin kaɗan ne in an kwatanta da na dubban littattafai da za su kwana a sito.