Ciwon Sukari Na Masu Ciki: Kada Mai Haihuwar Fari Ta Fid Da Rai Da Nononta

Jama'a, akwai wani irin ciwon sukari wanda ba ya kama mace sai tana da ciki, kuma galibi yakan tafi bayan ta sauka. Dalilinsa kuwa shi ne, mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai masu rage ƙarfin insulin, watau sinadarin da ke kwashe sukari daga jini. Ana gane shi a wurin awo, tsakanin mako na 24 da na 28, inda za a ba mace ruwan sukari ta sha, sa'an nan a auna jininta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wannan ciwo yana taɓa shayarwa. Likitoci sun lura matan da suka yi shi sukan daina ba da nono zalla da wuri fiye da sauran mata, kuma abin ya fi tsanani ga mai haihuwar fari.

Ga yadda abin yake faruwa. Bisa al'ada, ruwan nono yakan kawo sosai a kwana na 2 ko na 3. Amma da yake insulin yana cikin abubuwan da ke taimakon nono wajen yin ruwa, sai nonon mai wannan ciwo ya yi jinkiri, ya wuce awa 72 bai cika ba. Ita kuwa haihuwar fari, ko babu ciwo takan zo da irin wannan jinkiri. Har ila yau, ɗan da ke cikin mai sukari yakan yi girma, wani ya wuce kilo 4, har ta kai ga fiɗa. Bayan haihuwa kuma sukarin jinin jaririn yana iya faɗuwa, a ɗauke shi zuwa wani ɗaki, a ba shi madarar gwangwani. To, nono kuwa sai ana tsotsonsa yake ƙaruwa. In yaro ya ƙoshi da bulumboti sai ya rage kama nono, ruwa ya ja baya, uwa ta ce ai ba ta da nono, ta haƙura.

Mu da muke zaune a Agege, ko Idi-Araba, ko Sabon Ibadan, abin ya fi shafarmu. Yarinya ta haihu nesa da uwarta da gwaggonninta, ga kunyar ɗan fari, ga ma'aikatan asibiti ba sa jin Hausa. Saboda haka maigida ya nemi wata babbar mace mai jin harshen garin ta riƙa raka ta. In kuwa an kai ta gida goyon ciki, lalle ta tafi da katin awonta, domin ungozomar can ta san halin da ake ciki.

Maganin jinkirin nan shi ne haƙuri da naci. A ɗora jariri a ƙirjin uwarsa, a sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Kada a zubar da dakashi, watau ruwan farko mai kauri, gama shi ne ke riƙe sukarin jinin yaro, kuma cikin jariri a ranar farko bai fi ɗaukar cokalin shayi ɗaya a kowane sha ba. A ba shi nono sau 8 zuwa 12 dare da rana. In an raba su, ta tatsa da hannu a kai masa. In likita ya ce a ƙara da madara, a bi maganarsa, amma a fara ba da nono tukuna. Allurar insulin ko ƙwayar metformin ba sa hana shayarwa.

Ribar wannan naci ba ta yaro ba ce kaɗai. Macen da ta yi sukari da ciki tana cikin haɗarin kamuwa da ciwon sukari na dindindin daga baya. A shekarar 2015 aka buga wani bincike da aka yi kan mata fiye da 1,000 a jihar Kalifoniya ta Amurka, wanda ya nuna waɗanda suka shayar fiye da wata 2 haɗarinsu ya ragu da wajen rabi cikin shekara 2 bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a ba da nono zalla wata 6, ko ruwa ban da shi, sa'an nan a ci gaba tare da abinci har shekara 2.

Daga ƙarshe, mai jego ta rage zuba sukari a kunu da shayi, ta bar lemon kwalba. Ta koma asibiti tsakanin mako 6 da 12 bayan haihuwa a sake auna jininta, ko da tana jin garau. Maigida, kai ne za ka tuna mata da ranar, ka kuma tanadi kuɗin mota.