Jiragen Kamun Kifin Salmon a Alaska: Ƙirarsu da Kayan Aikinsu

Salmon kifi ne na ƙasashe masu sanyi. A kogi ake ƙyanƙyashe shi, ya gangara teku ya girma, sannan ya juyo ya nufi kogin da ya fito domin ya yi ƙwai. A jihar Alaska ta Amurka iri biyar ake kamawa don kasuwa: king, wanda ya fi kowanne girma, da sockeye mai jan nama, da coho, da pink, da chum. Da yake kifin yakan dawo ne a garke, cikin 'yan makonni na lokacin zafi, masunci ba ya buƙatar katafaren jirgin da zai yi watanni a tsakiyar teku. Abin da yake buƙata shi ne ƙaramin jirgi mai ƙarfi da zai tare kifin a kusa da gaɓa, ya yi aikin shekara cikin ɗan lokaci.

Abubuwa uku ne ke yanke siffar irin wannan jirgi: kayan kamun da zai ɗauka, yanayin ruwan da zai shiga, da dokar da hukuma ta gindaya. Shi ya sa jiragen suka kasu gida uku, kuma wanda ya saba da tashar masunta zai bambance su tun daga nesa. Akwai jirgin kalli, akwai jirgin ƙugiya, akwai jirgin taru.

Mashigin Bristol da dokar ƙafa 32

Mashigin Bristol, a kudu maso yammacin Alaska, shi ne wurin da sockeye ya fi yawa a duniya. Koguna irin su Naknek da Kvichak da Egegik da Ugashik da Nushagak duk nan suke zuba ruwansu. A shekarar 2022 kifin da ya dawo mashigin ya kai kimanin miliyan 79, aka kama kusan miliyan 60 daga ciki. Kakar kamun takan fara a watan Yuni, ta kai ƙololuwa a farkon Yuli, kafin watan ya ƙare kifi ya ja baya.

Tun shekarun 1880 kamfanonin sarrafa kifin gwangwani suka kafa masana'antu a yankin. Har zuwa 1951 doka ta hana kamun salmon da jirgi mai inji a mashigin, don haka masunta suka yi ta aiki da jiragen katako masu tafiya da iska, marasa rufi, masu tsini gaba da baya. Mutum biyu ne a kowane jirgi, da hannu suke jawo raga, a ciki suke kwana. Da aka halatta inji, sai aka ƙayyade cewa tsawon jirgi kada ya wuce ƙafa 32, wato kusan mita 10. Wannan doka tana nan har yau.

Da maƙera suka ga an toshe musu hanyar tsawo, sai suka koma faɗi da tsayi. Jiragen zamani da yawa faɗinsu ya kai ƙafa 15 ko fiye, kusan rabin tsawonsu ke nan, an datse musu hanci domin kada ko taƙi ɗaya na tsawon da doka ta yarda ya tafi a banza. A kan ɗakin tuƙi ana ɗora wani wurin tuƙin a sarari, wasu ma su ƙara hasumiya, inda kyaftin ke tsayawa yana hangen kifin da ke tsalle da kuma ragar sauran jirage.

Gangar jiki da inji

Katako ya kau, yanzu alminiyam da faiba ne ake ƙera jiragen da su. Alminiyam ya fi karɓuwa saboda ba shi da nauyi, yana jure bugu, kuma in ya tsage mai walda zai ɗinke shi. Juriyar bugu ba ƙaramin abu ba ne a nan. Hukuma ta raba mashigin zuwa gundumomi biyar, kowace da iyakarta, kuma kifi daga teku yake shigowa, saboda haka jirage kan yi cincirindo a bakin iyaka, kowa yana son ragarsa ce ta farko da kifi zai tarar. Gogayya da karo ba sa ƙarewa, shi ya sa ake ɗaura wa gefen jirage roba mai kauri.

Ruwan mashigin ba shi da zurfi, cike yake da tuddan yashi da laka, kuma tsakanin cikowar teku da janyewarta ruwa kan sauka da mita 6 ko fiye a wasu wurare. Wurin da jirgi ya wuce lafiya da safe yana iya zama fili da rana. Don haka ake yi wa jiragen ƙasa mai faɗi da ba ta nutsewa sosai. Masu farfela akan ɓoye musu ita cikin wani rami a ƙarƙashin jirgi, a kewaye ta da ƙarfe don kada ta sari yashi ko ta naɗe raga. Sababbin jirage da yawa ma ba su da farfela a waje. Injin dizal ne ke juya famfo, famfon ya zuƙi ruwa ta ƙasa ya feso shi ta baya da ƙarfi, wannan feshin ya tura jirgin. Irin wannan jirgi yana bin kifi har cikin ruwan da bai kai ƙugun mutum ba. Ƙarfin inji kuma ya ƙaru matuƙa, domin wanda ya riga kaiwa wurin sauke kaya shi zai riga komawa bakin aiki.

Kalli da gangar naɗe shi

Ragar da ake amfani da ita a mashigin kalli ce, kuma yadda take kama kifi daidai yake da na kallin masuntan Kainji da Tafkin Chadi: tana tsaye a ruwa kamar katanga, kifi ya cusa kai cikin ido, ya kasa wucewa, ya kasa komawa saboda zaren ya riƙe shi a bayan kumatu. Igiyar sama tana ɗauke da ƙwallayen roba marasa nauyi da ke riƙe ta a saman ruwa, igiyar ƙasa kuma da dalma a cikinta. Faɗin ido ya ɗan haura inci 5, daidai kan sockeye mai nauyin kilo 2 zuwa 3. Doka ta ba mai lasisi ɗaya gaba 150 na raga, kimanin mita 274. In masu lasisi biyu suka haɗu a jirgi ɗaya, an yarda su shimfiɗa gaba 200. Ragar guntu-guntu take zuwa, kowane guntu gaba 50, a ɗaure su baki da baki. In ɗaya ya yage sai a cire shi a sa wani.

A tsakiyar daɓen baya akwai wata babbar ganga ta alminiyam da ake naɗe ragar a jikinta, tana juyawa da ƙarfin man haidurolik da injin jirgi ke turawa. A can ƙarshen jirgin kuma akwai rola mai sanduna biyu tsaye a gefe, wadda raga ke bi ta kanta wajen fita da shigowa. In za a shimfiɗa, sai a jefa babbar ƙwallon alama da ke ɗaure a bakin raga, jirgi ya yi gaba, raga ta riƙa warwarewa. Ɗaya bakin yana nan ɗaure da jirgi, su bi ruwa tare. In kifi ya faɗa, ƙwallayen sama sukan yi ta rawa, ruwa na fantsama.

Wajen jawowa, ma'aikaci ɗaya ne ke riƙe da abin sarrafa ganga. Ya jawo raga kamar gaba ɗaya ko biyu, ya tsayar, sauran su hau cire kifi. Kowane kifi da yadda ya sarƙe. Wani girgiza ɗaya ta ishe shi ya faɗo, wani sai an sa ɗan ƙaramin ƙarfe mai lanƙwasa an zare zaren daga kumatunsa ɗaya bayan ɗaya. A ranar da kifi ya yi yawa, mutum uku ko huɗu za su cire dubbai da hannu, cikin rigunan roba da safar hannu, jirgi na tangaɗi. A wasu yankunan, kamar bakin kogin Copper kusa da garin Cordova, a gaban jirgi ake sa gangar, ɗakin tuƙi ya koma baya, abin da ke sa mutum ɗaya ma ya iya aikin.

Rumbun kifi da sanyi

Ƙarƙashin daɓen an yanka shi zuwa ramuka da dama, kowane da murfinsa. Rabawar tana hana kifi zamewa gefe ɗaya ya karkatar da jirgi. A cikin kowane rami ana rataye babbar jaka mai ƙarfi da ke cin kifi na ɗaruruwan kilo. Ƙananan jiragen ba sa zuwa masana'anta da kansu. Manyan jiragen karɓar kaya ne ke kafa anka a kusa, ƙaramin jirgi ya raɓe su, a sa ƙugiyar na'urar ɗaga kaya a ɗaga jakunkunan, a auna, a rubuta wa kyaftin takarda. A wurinsu kuma ake samun mai da ruwan sha da kayan abinci.

A da, a busasshen rami ake jibge kifi, domin gwangwani za shi. Da kasuwa ta koma son ɗanyen nama mai kyau, sai sanyi ya zama wajibi. Jirage da yawa yanzu suna da na'urar da ke sanyaya ruwan teku har ya kusa daskarewa, ta riƙa zagaya shi cikin ramukan, kifi na yawo a ciki ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba. Waɗanda ba su da ita sukan haɗa ƙanƙara da ruwa. Ana kuma yanka kumatun kifi tun yana da rai don jini ya fita, a shimfiɗa tabarmar roba a daɓe don kada ya ƙuje in ya faɗo. Kamfanoni suna ƙara kuɗi a kan kowane ɗayan waɗannan.

Jirgin ƙugiya

A kudu maso gabashin Alaska, wajen garin Sitka, da kuma gaɓar jihohin Washington da Oregon, akwai masu kama king da coho da ƙugiya. Jirginsu ya sha bamban da na Mashigin Bristol. Siriri ne, mai zurfin ciki, domin teku mai igiyar ruwa yake shiga, ya yi kwanaki bai dawo ba. Tsawonsa yawanci ƙafa 30 zuwa 50 ne, kuma har yau akwai tsofaffin na katako da ke aiki.

Alamarsa dogayen sanduna biyu ne da ke tsaye in yana tasha, a kwantar da su hagu da dama in ya fara aiki, domin su ware layuka kada su sarƙe. Layin waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, a ƙarshenta an ɗaura dunƙulen dalma mai nauyin kilo 10 zuwa sama da 20 da ke nutsar da ita. A jikin wayar ake maƙala gajerun zaruruwa bi da bi, kowane da ƙugiya da abin yaudara: cokalin ƙarfe mai walƙiya, ko robar da aka yi wa siffar abincin kifi, ko ƙaramin kifi na gaske. A yawancin ruwan Alaska layi huɗu doka ta yarda wa jirgi mai na'urar naɗewa. Jirgin yana tafiya a hankali, kamar kilomita 4 zuwa 5 a awa. Masunci na tsaye cikin wani rami a bayan jirgi, kusa da ruwa, yana naɗo waya, yana cire zaruruwan ɗaya-ɗaya. In akwai kifi, ya buge shi a ka, ya ɗago shi da ƙugiyar hannu, ya feɗe shi nan take, ya cusa masa ƙanƙara a ciki. Kifin da ake samu ba shi da yawa, amma shi ya fi tsada.

Jirgin taru

Jirgin taru shi ne babba a cikin ukun, kuma a Alaska doka ta tsayar da shi a ƙafa 58. Pink da chum ya fi kamawa, a wurare irin su tsibirin Kodiak da mashigin Prince William. Ɗakin tuƙinsa a gaba yake, baya kuma fili ne da ake tara tarun da tsawonsa kan kai gaba 250. Yana tafe da ƙaramin kwalekwale mai ƙaƙƙarfan inji. Kwalekwalen ya riƙe baki ɗaya, jirgin ya zagaye garken kifi da sauran, su haɗu. A ƙasan tarun akwai zobba da igiya ta ratsa cikinsu, in aka ja ta sai ƙasan ya tsuke kamar yadda zariya ke tsuke wando, kifi ya rasa mafita. Jawo irin wannan taru da hannu aikin mutane da yawa ne, har sai da wani masunci ɗan asalin Kuroshiya, Mario Puratić, ya ƙirƙiro wata babbar gargare mai aiki da inji a shekarun 1950. Ana rataye ta a sama, ita ke jawo tarun ta sauke a daɓe. Yau mutum huɗu ko biyar sun isa.

Ɗakin tuƙi, kariya da lasisi

Kowane iri daga cikin ukun yana ɗauke da na'urar GPS mai nuna taswira, da na'urar auna zurfi da ke nuna kifi, da rada don hazo, da rediyon magana. Rediyon ba na hira kaɗai ba ne. Hukumar kifi da namun daji ta Alaska tana ƙirga kifin da ya haura koguna, daga kan hasumiyoyi ko da na'ura, kuma sai ta ga isasshe ya wuce don yin ƙwai take sanar da buɗe kamu na wasu awoyi. Wanda ya jefa raga kafin lokaci ko ya ƙetare iyaka, tara mai nauyi ce ke jiransa.

Ruwan yankin yana da sanyin da ke kashe mutum cikin ɗan lokaci. Wata dokar Amurka ta 1988 ta wajabta wa jiragen kamun kifi kayan ceto, gwargwadon girmansu da nisan da suke zuwa. A ciki akwai rigar roba mai rufe jiki duka ga kowane ma'aikaci, da abin kashe gobara, da na'urar da ke aika alamar neman agaji ta tauraron ɗan'adam. Wurin kwana ɗan ƙarami ne a hancin jirgi, da gadaje a jere sama da ƙasa, da murhun dizal da ke dafa abinci yana busar da tufafi.

Mallakar jirgi kaɗai ba ta ba mutum damar kamu. Tun 1973 Alaska ta ƙayyade yawan lasisi, kuma na jiragen kalli a Mashigin Bristol bai kai 1,900 ba, saboda haka mai son shiga sana'ar sai ya saya daga hannun wani. Ma'aikata ba albashi suke karɓa ba, kaso ake ba su daga kuɗin abin da aka kama. Da kaka ta ƙare, ana fitar da yawancin jiragen mashigin daga ruwa, a jera su kan tudu a garuruwan Naknek da Dillingham, a tsiyaye ruwan injinansu don kada ƙanƙara ta fasa su. Nan suke zama kusan wata goma, har masu su su dawo gyara a watan Mayu ko farkon Yuni.