Gargaɗi Ga Masu Horar Da Motsa Jiki A Dutse Da Kewaye: Ba Kowace Rama Ce Lafiya Ba

Kociyoyin gidajen motsa jiki, malaman wasanni na makarantu, da masu jagorantar sassarfar asuba a Dutse, Kiyawa, Jahun da Birnin Kudu, a saurara. Akwai cutar da ke shigowa hannunku kuna ɗaukarta ƙwazo, alhali tana kisa. Likitoci na kiranta anoreksiya idan mutum ya ƙaurace wa abinci don tsoron ƙiba, sai bulimiya idan ya cika ciki sannan ya ƙaƙaro amai ko ya sha maganin wankin ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 14 ke fama da irin waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Kada kowa ya ce ciwon Turawa ne. Wayar da ke nuna wa 'yar Landan siraran mata ita ce a hannun ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Dutse.

Ku ne kuke fara gani, tun kafin iyaye. Budurwa an sa ranar bikinta, ta hau sikeli kafin atisaye, ta sake hawa bayansa. An tashi, ita ba ta tashi ba. Jiri na ɗibarta in ta miƙe, gashinta na zuba, tana jin sanyi a watan Afrilu lokacin da zafin Dutse ke haura digiri 40. Ku dubi bayan yatsunta: kanta ko tabo a wurin kan nuna yawan tura hannu a maƙogwaro. Kumatu su kumbura, haƙora su zaizaye, al'ada ta ɗauke. In an miƙa mata abinci sai ta ce tana azumi, yau azumi, gobe azumi, kuma babu buɗe-bakin kirki. Samari masu ɗaga ƙarfe ma ba su tsira ba.

Abin da ya fi tsoratarwa ba ya ganuwa a ido. Yawan amai da zawo na zubar da sinadarin fotasiyam, wanda ke daidaita bugun zuciya. Mutum na iya zama da jikinsa ɓul-ɓul, yana cikin gudu zuciyar ta tsaya.

Don haka a daina cewa "Kai, kin yi kyau, ci gaba!" ga wadda ke zubewa. Ku ja ta gefe, ba a gaban mutane ba, in so samu ne mace ta yi maganar. Ku faɗi abin da kuka gani kawai: "Ƙanwata, na ga jiri na yawan kama ki, hankalina bai kwanta ba. Mu dakata sai likita ya duba ki." Za ta musa, wataƙila ta yi fushi. Ku dai tsayar da atisayen. In yarinya ce, a sanar da iyayenta. Koci ba likita ba ne. Kada ya rubuta wa mara lafiya tsarin abinci, balle ya sayar mata da shayin rage tumbi, wanda sau da yawa maganin zawo ne a cikinsa. Haka ma sha-ka-fashe da ake bai wa masu neman ƙiba, hannunku ya fita daga ciki.

Iyaye, kada a yi mata ɗure. Wanda ya daɗe cikin yunwa, cika masa ciki farat ɗaya na iya taɓa zuciyarsa. A asibiti ake dawo da abinci sannu a hankali. A yi addu'a, amma kada zargin aljanu ya hana zuwa wurin likita.

In ta suma, ko ƙirji ya riƙe, ko zuciya na fat-fat, ko ta yi aman jini, kada a jira gobe. A garzaya da ita Asibitin Koyarwa na Rasheed Shekoni, ko Babban Asibitin Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu, a kuma nemi a haɗa ta da likitan ƙwaƙwalwa. Cutar tana warkewa, musamman in an tare ta da wuri. Don Allah wanda ya karanta ya isar wa kocin unguwarsu.