Ɗan Notin Da Ka Raina

Duk wanda ya taɓa girgiza rediyonsa ko kwamfutarsa ya ji wani abu yana ƙaras-ƙaras a ciki, to ya sani wani ɗan noti ne ya kwance. Mutane da yawa ba su ɗauki wannan a bakin komai ba, alhali kuwa notin ƙarfe ne, idan ya faɗa tsakanin hanyoyin wuta biyu a kan fanel sai ya haɗa su, nan take na'urar ta ƙone. Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

To me ke kwance noti, bayan kuwa ba wanda ya taɓa shi? A shekarar 1969 wani injiniya Bajamushe mai suna Gerhard Junker ya nuna cewa jijjigar da ke zuwa ta gefe, wadda ke sa ƙarafan da aka ɗaure su riƙa gogar juna, ita ce babbar abokiyar gāba. Duk gogawa ɗaya notin yakan juya kaɗan, har ya saki. Zafi ma yana da nasa laifin, domin ƙarfe da roba ba sa buɗewa daidai idan na'ura ta ɗumama, ba sa kuma tsukewa daidai idan ta huce. Ka auna wayar da ke yini a aljihun ɗan acaɓa a kan hanya mai ramuka.

Kuskuren farko da akan yi shi ne a ƙara ƙarfi. Notin waya kaurinsa bai kai milimita 2 ba, kuma sau da yawa cikin roba yake shiga. Da ka matsa fiye da kima sai zaren ramin ya cinye, daga nan kuwa ko ka ɗaura shi sau goma ba zai kama ba. Kuskure na biyu ya fi muni, wato ɗiga masa sufa gulu. Gam ɗin yakan malala inda ba a aike shi ba, tururinsa ya bar farin dusashe a kan gilashin kyamara, kuma mai gyaran da zai zo daga baya sai ya fasa kafin ya buɗe. Ko woshar nan mai tsaga da makanikai ke ji da ita, wani littafin hukumar NASA na 1990 ya bayyana cewa da zarar ta baje ba ta hana komai kwancewa.

Maganin da masana'antu suka dogara da shi wani gam ne na musamman da Farfesa Vernon Krieble ya ƙirƙiro a Amurka a 1953, wanda aka sani da sunan Loctite. Abin mamaki game da shi, ba ya daskarewa muddin yana shan iska. Sai ya shiga tsakanin zaren ƙarfe inda iska ba ta kaiwa sannan ya kama, ya gama nuna cikin awa 24. Launinsa ne ke faɗin ƙarfinsa. Mai ruwan shanshanbale shi ne na ƙananan notuna, shuɗi matsakaici ne, ja kuwa ba ya sakin noti sai an gasa shi da zafin da ya kai wajen digiri 250. Wanda ya sa ja a waya, ya yi sallama da ita ke nan.

Amma fa a nan akwai gargaɗi, kuma ina ganin shi ne ya fi cancanta masu gyara, daga Computer Village ta Ikeja har Farm Centre ta Kano, su riƙe. Wannan gam yana tsattsaga irin robar da ake yin murfin kwamfuta da ita. Ba ranar zai nuna ba, sai bayan kwanaki mai kaya ya ga robar ta dare, ya dawo da rigima. Shi ya sa kamfanoni suka fi amfani da notuna masu ɗan shuɗin tabo busasshe a jikinsu, wanda ke cije zare ba tare da ya malala ba. Idan babu su, ɗigon jan farce a gefen kan notin bayan an ɗaure yakan taimaka, ga shi kuma yana tona asiri idan wani ya buɗe.

Sai kuma a kula kowane noti ya koma raminsa. A wasu wayoyin iPhone, dogon noti da aka tura ramin gajere yakan huda fanel ya yanke hanyoyin wuta, gyaran da ya fi ƙarfin yawancin masu teburi a kasuwa.