Kantar littattafai: yadda ake girka ta kada ta fāɗa ma yaro

Tun da karatu ya yawaita cikin karkara, takardu sun yi yawa a gidaje. Ga littattafan yaƙi da jahilci, ga kayen ƴan lakwal, ga takardun gona da na haihuwa, ga kuma littattafan addini. A da, cikin adaka ko gafaka ake ajiye su. Yanzu magidanta da yawa suna zuwa wurin kafinta ya yi musu kanta mai hawa huɗu ko biyar. Wannan abu ne mai kyau. Amma kantar da ba a girka da kyau ba, haɗari ce cikin ɗaki.

Mi ke sa ta fāɗi?

Kanta doguwa ce, amma gindinta ƙarami ne. Wadda tsawonta ya kai santimeta 180, sau da yawa faɗin gindinta daga gaba zuwa baya bai wuce santimeta 30 ba. Ke nan tsawon ya ninka gindin sau shida. Idan samanta ya karkato gaba da wajen santimeta 30, ba ta komawa, sai ƙasa. Takarda kuwa tana da nauyi. Jerin littattafai mai tsawon mita ɗaya yana kai kilo 20 zuwa 30.

Yaro ba ya san wannan lissafi ba. Shi dai ya ga tsani. Uwa tana tsakar gida tana daka, maigida yana gona, ɗan shekara 3 ya hango wani abu bisa kanta. Ya taka hawa na ƙasa, ya kama na sama. Nauyinshi wajen kilo 14 ne, kuma duk ta gaba yake ja. Wannan ya isa ya kifo da ita bisa kanshi, da littattafan duka.

Ko a ƙasashen da ke da manyan masana'antu abin yana faruwa. A shekara ta 2016, kamfanin IKEA ya yi shelar janye akwatunan tufafi masu aljihu miliyan 29 a ƙasar Amurka, bayan irinsu sun fāɗa ma yara ƙanana sun mutu. Shawarar da aka ba mutanen can ita ce a ɗaure kayan da bango.

Zaɓen wuri

A nemi wurin da ba hanyar wucewa ba ne. Kada a sa ta bayan ƙofa, kada a sa ta kusa da gado ko inda yara ke shimfiɗa tabarma da dare. Kusurwar ɗaki ta fi, don bango biyu suna kare ta. A ɗakin ƙasa, a guji bangon gabas, don daga can hadari ya fi tasowa da damina, shi ne kuma bangon da ya fi shan ruwa. A duba sama ma, ko rufin yana zuba a wurin.

Daidaita gindi

Daɓen ɗaki ba safai yake daidai ba. A share wurin, a cike rami, a daddaɓe shi. Sai a aza ƙafafun bisa faffaɗan dutse ko birgin siminti. Wannan yana hana su nutsewa idan ƙasa ta yi laima, yana kuma sa a ga hanyar gara tun da wuri.

Awo ba ya bukatar kayan kanti. A ɗaura ɗan dutse a zare, a riƙe zaren a saman kanta daga gefe, a bar dutsen ya yi lilo har ya tsaya. Zaren zai nuna inda ta karkata. Idan ta yi gaba, a cusa ƴan guntayen katako ƙarƙashin ƙafafun gaba, har ta ɗan koma baya kaɗan. Kada a cusa kwali ko tsumma, suna lotsewa, gara kuma tana son su. Idan tana rangaji hagu da dama, kafinta ya buga mata katako a baya, daga kusurwar sama zuwa kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen.

Ɗaurewa da bango

Wannan shi ne babban aikin. A bangon siminti, a huda rami, a buga turken icce mai ƙwari ya cika ramin, sannan a murɗa bis cikinshi, a ɗaure saman kanta wuri biyu da wayar ƙarfe.

A bangon ƙasa kuwa, ƙusa yaudara ce. Yau tana riƙe, gobe ƙasar ta zube ta saki. Abin da ya fi shi ne a huda bangon har waje, a zura wayar ƙarfe ninki biyu, a ɗaure ta da guntun ƙarfe ko icce a gicciye ta waje. Sai a toshe ramin da kwaɓaɓɓiyar ƙasa don kada ruwa ya shiga. Wanda ba ya son huda bango, yana iya ɗaure ta da azarar rufi daga can baya, in azarar mai ƙwari ce. A sa guntun katako mai kaurin yatsa uku tsakanin kanta da bango, don iska ta riƙa shiga.

Jera kaya

Manyan littattafai su zauna hawa na ƙasa, ƙanana a sama. Kada a aza rediyo ko alawa ko wani abin da ke jan idon yaro a can bisa. Fitilar kananzir ma ba wurinta ba ne, takarda da wuta ba su zama tare.

Sau biyu a shekara, kafin damina da bayan kaka, maigida ya sauke littattafai, ya kakkaɓe su, ya duba gara, ya ja wayar ya ji ko ta saki. Idan kuwa tsautsayi ya gitta kanta ta fāɗa ma yaro, a kai shi likita nan da nan, ko ba a ga jini ba, balle in yana amai ko barci yana ɗaukar shi ba lokacinshi ba.

Aikin duka bai wuce na hantsi ɗaya ba, kuɗin waya kuma bai kai na magani ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.