Rabin Daƙiƙa Tsakanin Danna Ɗaya da Danna Biyu

Duk wanda ya saba da kwamfuta ya san dokar: ka danna fayil sau ɗaya a zaɓe shi, ka danna sau biyu da sauri ya buɗe. Yatsa ya riƙe abin har ba ya neman shawarar ƙwaƙwalwa. Ga mai rubuta manhaja kuwa nan ƙullin yake, domin a lokacin da yatsa ya sauka karo na farko, na'ura ba ta san ko na biyu yana tafe ba. Kwamfuta ba ta bugun ƙasa.

Dabarar danna biyu ta fito ne daga cibiyar bincike ta Xerox PARC a Kalifoniya cikin shekarun 1970, a manhajar rubutu mai suna Gypsy wadda Larry Tesler da Tim Mott suka ƙirƙira, inda danna biyu ke zaɓar kalma guda. Apple ya ɗauke ta a kwamfutarsa Lisa a 1983, sannan a Macintosh a 1984. Linzamin Macintosh maɓalli ɗaya tal gare shi, don haka dole aka ɗora wa maɓallin aiki biyu.

A Windows sharuɗɗan a fayyace suke. Danna na biyu ya zo cikin milisakan 500, wato rabin daƙiƙa, da maɓalli iri ɗaya, kuma kibiyar linzami kada ta fita daga wani ɗan murabba'i mai faɗin ɗigon allo 4. Idan an cika su, manhaja takan karɓi saƙo huɗu a jere: maɓalli ya sauka, ya ɗaga, danna biyu, ya sake ɗagawa. A lura da jerin nan. Kafin labarin danna biyu ya iso, manhaja ta riga ta karɓi danna ɗaya cikakke, wataƙila ma ta aikata abin da aka umarce ta. A shafukan intanet abin ya fi haka: danna ɗaya yakan iso har sau biyu kafin a sanar da danna biyu.

Abin da sabon shiga rubuta manhaja yake fara yi shi ne jira. Yatsa ya sauka, sai ya kunna agogo. Idan na biyu ya zo a soke aikin farko, idan lokaci ya ƙare shiru a aiwatar da shi. Yana aiki, amma kowane danna ɗaya sai ya biya harajin rabin daƙiƙa, alhali shi ne mafi yawan abin da mutane ke yi. Mai amfani ba zai iya faɗin abin da ya lalace ba, sai dai ya ce manhajar nauyi gare ta. Wayoyin hannu sun ɗanɗana wannan: shekaru da dama manhajojin lilo suna jinkirin kusan milisakan 300 bayan kowane taɓi, ko mutum zai sake taɓawa don ƙara girman shafi, har Chrome ya cire jinkirin a 2014 ga shafukan da aka tsara wa waya.

Mafi muni shi ne mai rubuta adadin jiran da kansa cikin manhaja. Wannan lokaci na mai kwamfuta ne. Dattijo ko mai rawar hannu yakan tsawaita shi a saitin linzami, kuma tsarin Windows yana karɓar har daƙiƙa 5. Akwai umarni mai suna GetDoubleClickTime da aka tanada don a tambaya. Kayan gina manhaja na Qt da GTK kuwa, nasu adadin na asali milisakan 400 ne, ba 500 ba.

A ganina hanya mafi tsabta ita ce wadda Raymond Chen na Microsoft ya daɗe yana bayyanawa: a sa aikin danna biyu ya zama ɗori a kan na danna ɗaya. Zaɓar fayil ba ta hana buɗe shi, matakin farko ne ma. A Word, danna ɗaya ya ajiye alamar rubutu, biyu su zaɓi kalma, uku sakin layi. Ba jira, ba sokewa. Inda aka saɓa wa wannan ake ganin tangarɗa, kamar manhajojin bidiyo da danna ɗaya ke tsayar da fim, biyu kuma su cika allo: hoto ya ɗan tsaya, ya ci gaba, sannan ya faɗaɗa.

Akwai inda jira ya halatta. Idan ka danna sunan fayil da aka riga aka zaɓa a Windows, sai an ɗan dakata kafin gurbin canza suna ya bayyana, don kada mai son buɗewa ya tsinci kansa yana gyaran suna. Aiki ne da ba kullum ake yi ba, shi ya sa harajin bai yi ciwo ba.

An kuma yi ƙoƙarin raba gari da danna biyu gaba ɗaya. Windows 98 ya zo da zaɓin buɗe fayil da danna ɗaya, mutane ƙalilan suka kula shi. KDE, ɗaya daga cikin fuskokin Linux, ya yi shekaru a kan danna ɗaya, sai da sigarsa ta Plasma 6 ta fito a 2024 ya koma danna biyu, saboda masu ƙaura daga Windows suna ta buɗe abin da zaɓa kawai suka yi niyya.