Adana 'Ya'yan Itatuwa da Kayan Miya a Ƙasar Hausa: Daga Shanya zuwa Kwalba

1.0 Gabatarwa

Bahaushe kan ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Wanda ya zauna a karkara ya san cewa shekarar manomi ta rabu ne tsakanin lokacin yalwa da lokacin ƙaranci. A garuruwa irin su Birchi, da ke cikin ƙaramar hukumar Kurfi a tsakiyar Jihar Katsina, da ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zoɓe kusa da Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983, tumatirin noman rani yakan cika kasuwa daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara, har wani lokaci kuɗin kwando ya kasa biyan kuɗin motar da ta ɗauko shi. Da damina ta sauka sai ya yi tsadar da uwargida za ta riƙa ƙirga shi da ɗai-ɗai. A 2016 ma, da tsutsar da manoma suka laƙaba wa suna "sharon" ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, gidajen da suka yi tanadi ne kaɗai ba su ji jiki sosai ba. Wannan babi zai duba hanyoyin da Bahaushe ya gada na adana irin waɗannan kayayyaki, da kuma baƙuwar hanyar nan ta zubawa a kwalba, wadda ta shigo da amfaninta da haɗarinta.

2.0 Hanyoyin Gargajiya

Abin da ke lalata abinci shi ne wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, kuma ba sa rayuwa sai da danshi. Kakanninmu ba su san sunayensu ba, amma sun gane cewa abin da ya bushe ba ya ruɓewa. Saboda haka shanya ita ce uwar dukkan dabarun adana abinci a ƙasar Hausa, rana da iskar hunturu kuwa su ne jarinta. Ana yayyanka kuɓewa a shanya, a daka ganyen kuka bayan ya bushe, a shanya tattasai da barkono da zoɓorodo. Tumatirin da aka tsaga aka busar shi ake kira kauɗa, kalmar da ake kiran busasshen goro da ita ma. Ɗalibin harshe zai lura cewa ba kowane busarwa ne Hausa take kira da suna ɗaya ba: abin da rana ta busar an shanya shi ne, wanda hayaƙi ya busar kuwa an ƙyafe shi, shi ne ake samun banda ta nama ko ta kifi.

'Ya'yan itatuwan daji kuma kowane da tasa hanyar. Tsamiya ɓare ta ake yi a cura, ta shekara tana jiran kunu. Magarya ana busar da ita a daka a fitar da gari, a yi abin da ake kira tuwon magarya. Ɗorawa gari take bayarwa, ƙwallonta, wato kalwa, a dafa a rufe ta ruɓa yadda ake so, ta zama daddawa. Amma wadda ta fi kusa da batunmu ita ce ɗinya. Idan ta nuna ta yi baƙi, sai a jiƙa ta a murje a tace, a ɗora ruwan a wuta a yi ta dafawa har ya yi kauri ya zama maɗi. A nan ba rana ce ta kore ruwan ba, wuta ce. Zaƙin da ya taru kuma shi ke hana ƙwayoyin ruɓa samun danshin da za su rayu a ciki. Wannan ita ce hikimar da Turawa ke amfani da ita wajen dafa 'ya'yan itace da sukari, ba tare da wani ya koya daga wani ba.

3.0 Zuwan Kwalba

Dabarar rufe abinci a kwalba a dafa shi tare da kwalbar ta faro ne a Faransa. Wani mai sana'ar alewa, Nicolas Appert, shi ya buga littafi a kanta a 1810, gwamnatin ƙasarsa kuma ta ba shi ladan faran 12,000. Appert bai san dalilin da ya sa dabararsa take aiki ba, sai da Louis Pasteur ya zo bayan kusan shekara hamsin ya nuna cewa zafi ne ke kashe ƙwayoyin da ke ciki, murfi kuma ya hana sababbi shiga. A 1858 wani Ba'amurke, John Mason, ya yi rajistar kwalba mai murfin murɗawa, daga nan aikin ya shiga gidaje.

Ɗaya daga cikin abubuwan da matan Turai suka fi zubawa a kwalba shi ne ceri, wani ɗan itace ja mai ƙwallo ɗaya, wanda girmansa bai wuce na tsada ko ɗinya ba. Itacensa yana bukatar sanyi mai tsawo kafin ya yi fure, don haka ba ya yi a ƙasarmu. Turkiyya ce ta fi kowace ƙasa noma shi. Lokacinsa 'yan makonni ne, shi ya sa ake wanke shi, a cire ƙwallon ko a bar shi, a zuba a kwalba da ruwan sukari, a rufe, a tafasa kwalbar cikin ruwa na 'yan mintuna. Bayan watanni a buɗe a sa a kek ko a sha da madara. Abin lura a nan shi ne, ceri yana da tsami na halitta, kuma tsamin nan ne ya sa tafasa a ruwa kawai take wadatarwa.

3.1 Tumatir a Kwalba da Inda Haɗarin Yake

Da dabarar ta iso gare mu, ba 'ya'yan itace ta kama ba, kayan miya ta kama. Uwargida takan sayi kwandon tumatir lokacin arha, ta markaɗa, ta dafa har ruwan ya tsotse, ta ɗura a kwalaben gilashi da aka wanke, irin waɗanda mata ke kira kwalbar Bama, ta rufe ta tafasa. Dabara ce mai kyau, ta kuma fi kauɗar da aka shanya a bakin titi tsabta, wadda kowa ya san yadda yashinta ke kama haƙori.

Sai dai akwai wata ƙwayar cuta da ke cikin ƙasa, Clostridium botulinum, wadda take son wurin da babu iska, wato daidai abin da rufaffiyar kwalba ke samarwa. Irinta ba ya mutuwa a digiri 100 da ruwa ke tafasa. Sai zafin ya kai wajen digiri 116 zuwa 121, wanda tukunyar matsin tururi ce kaɗai ke kai shi. Abin da ke hana ta tsira shi ne tsami. Masana kimiyya suna auna tsami da ma'aunin da suke kira pH, kuma iyakar ita ce 4.6: abin da ya gaza wannan adadi yana da tsamin da ya isa, wanda ya haura shi ba shi da shi. Ceri da gwaba da lemu da zoɓorodo duk suna cikin tsira. Tumatir yana bakin iyaka ne. Tattasai da attaruhu da albasa da kuɓewa kuwa sun haura ta nesa. To, al'adar girkinmu ita ce a markaɗa tumatir da tattasai da albasa wuri guda, har wasu su ƙara kanwa don kashe tsami. Wanda ya yi haka ya rufe a kwalba ya kore mai gadin da kansa. Gubar da wannan ƙwaya ke fitarwa ba lallai ta sauya wari ko ɗanɗano ba. Takan fara da gani biyu-biyu da nauyin fatar ido da wahalar haɗiya, galibi cikin awa 12 zuwa 36, sannan ta kai ga shanye jijiyoyin numfashi. Wanda aka ga alamar haka a gare shi asibiti za a garzaya da shi, ba jiƙo ba.

Saboda haka tumatir shi kaɗai ya kamata a rufe, tattasai da albasa a bar su ga shanya. Ƙa'idar da ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta fitar ita ce a zuba babban cokali biyu na ruwan lemun tsami a kwalba mai cin kimanin lita ɗaya, ko cokali ɗaya a mai rabin lita, a ɗura tumatirin da zafinsa, a bar sararin da ya ɗan wuce santimita ɗaya a sama, a goge bakin kwalbar a rufe. A shimfiɗa tsumma a gindin tukunya don kada gilashi ya fashe, ruwa kuma ya shanye kan kwalaben. A tudu irin namu, inda ruwa ke tafasa kafin ya cika digiri 100, ana ba ƙaramar kwalba minti 40, babba minti 50, ana fara ƙirga daga lokacin da ruwan ya tafasa. Wannan lissafi na tumatir ne mai ruwa-ruwa. Wanda aka ƙafe ya yi kauri sosai zafi ba ya ratsa shi da wuri, sai a sa shi a ƙananan kwalabe.

3.2 Ajiya da Amfani

Idan kwalba ta huce, murfinta zai lotsa ciki, alamar ta kama ke nan. A rubuta wata da shekara a jiki, a ajiye a wuri mai sanyi da duhu, ba kusa da murhu ko ƙarƙashin kwano ba, a kuma cinye kafin shekara ta zagayo. Kwalbar da murfinta ya kumbura, ko ta yi kumfa, ko ta fesa ruwa da aka buɗe, zubarwa ake yi inda kaji da yara ba za su kai ba, ba a ɗanɗanawa. Na taɓa ganin wata dattijuwa a gidanmu ta kwashe farin da ya taso a saman kwalba ta ce na ƙasan lafiya lau yake. Tausayin dukiya ne, amma kuskure ne. Wadda aka buɗe kuma ta zama kamar kowane dafaffen abinci: a ɗiba da busasshen cokali mai tsabta, a tafasa miyar aƙalla minti 10, a gama da sauran cikin kwana ɗaya ko biyu idan babu firji.

Ga malami mai koyar da Hausa, wannan fanni taska ce ta kalmomi. Ɗaliban da za su fita koyarwar gwaji a makarantun Birchi da Kurfi da Dutsin-Ma suna iya sa yara su tambayo iyayensu mata sunan kowane abu da ake busarwa a gidansu, da mazubin da ake ajiye shi, ko tukunya ko ƙwarya ko buhu, da fi'ilin da ake amfani da shi wajen aikin, sannan a kwatanta abin da suka kawo da na Daidaitacciyar Hausa a aji.